Filin Gwaggo: “Wane jarumi zan ɗauka in kai Hiroyik?”

  Ni saurayi ne ɗan shekara 20. Na gama sakandare, da damina ina taya mahaifina noma, da rani kuma ina zama a shagon cajin waya na wani yayana. Na san za ki ce matsalata ba matsala ba ce, amma wallahi ta hana ni barci. Ina buga Free Fire. Mu huɗu ne a tawagarmu: ni, da ɗan baffana da muka tashi gida ɗaya, da abokanmu biyu, ɗaya a Garo ɗaya a Gwarzo. Zango uku ke nan muna maƙale a Dayamon. Duk sa'ad da muka kusa Hiroyik sai mu yi ta faɗuwa, ga sabis ɗinmu da daddare yana hawa yana sauka. Masu bidiyo a YouTube da TikTok kullum cewa suke sai da wannan karakta ko wancan. Na sayi dayamon, kuɗin cikin wasan, na naira 9,000, kuma gaskiya daga kuɗin da Innata ta ba ni ajiya na ciro, na akuyarta da aka sayar a kasuwar Getso. Ba ta sani ba har yanzu. Duk da haka ba mu hau ba. Ranar wata Juma'a muka faɗi sau biyar a jere, raina ya ɓaci, na zagi ɗan baffana a gaban sauran. Na ce masa bot ne, kullum yana laɓe a baya da Dimitri ba ya kashe kowa, shi ke ja mana baya. Na cire shi daga tawaga muka sa wani. Abin ya ƙara lalacewa, mun ƙara saukowa. Yau kwana goma ko gaisawa ba ma yi, alhali masallaci ɗaya muke salla. Gwaggo, na san akwai samari a gidanki, kin san wasan nan. Don Allah wane jarumi zan ɗauka in hau? In na kai Hiroyik na san hankalina zai kwanta, komai zai daidaita.

Ɗanki daga Gammo, ƙaramar hukumar Kabo

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya a kan kuɗin nan, don da ka ɓoye ba ni da hanyar sani. Ba zan ce matsalarka ba matsala ba ce. Duk abin da ya hana saurayi barci, ya raba shi da ɗan'uwansa, ya kai hannunsa cikin ajiyar mahaifiyarsa, ya isa a zauna a kansa. Sai dai matsala uku ka aiko mini, ka ɗauki 'yar autarsu ka sa a gaba, manyan biyun ka tura su lungu kana zaton ba zan lura ba. Na lura sarai.

Zan fara da wasan, don na san halinku 'ya'yan yanzu: in ban amsa abin da ka tambaya ba, ba za ka kai ƙarshen shafin ba. Amma ka yi mini alkawari za ka karanta har ƙasa.

Bari in ɗan yi wa iyaye bayani, don su ma suna bin filin nan, kuma da yawansu abin da suke ji kawai ƙarar harbi ne daga ɗakin samari da ihun “zo ka tashe ni, zo ka tashe ni!” Free Fire wasan waya ne na kamfanin Garena da ke Singafo, ya fito a ƙarshen 2017. Ana zubo 'yan wasa 50 daga jirgi a kan wani tsibiri, kowa ya nemi makami, filin yana ta ƙanƙancewa, tawagar da ta rage a ƙarshe ita ta ci, sai a rubuto mata Booyah. Wasa ɗaya minti goma ne da 'yan kai. Abin da ya sa ya cika ƙauyukanmu shi ne ba ya neman babbar waya, 'yar Itel ko Tecno mai sauƙin kuɗi ma tana ɗaukarsa. Akwai matakan da ake hawa: Buronz, Silba, Gol, Filatinam, Dayamon, sannan Hiroyik, sai Masta, sai Giranmasta a can ƙololuwa, wanda 'yan tsiraru ne kawai suke samu a kowane yanki. Kusan duk wata biyu zango yake ƙarewa, a sauko da kowa ƙasa, a sake sabon hawa.

To ɗana, ga amsarka. Babu jarumin da zai goya ka ya kai ka Hiroyik. Da akwai shi, da duk yaron da ya mallaki naira 9,000 ya riga ka zuwa.

Ka tambayi waɗanda suka daɗe a wasan labarin Chrono. A Disambar 2020 kamfanin ya haɗa kai da Cristiano Ronaldo, aka fito da jarumi mai kamarsa, mai buɗe wata garkuwa da harsashi ba ya hudawa, shi kuma yana ciki yana harbin na waje. Yara suka yi ta zuba kuɗi a duniya, kowa Chrono, kowa Chrono. Da ƙorafi ya yi yawa sai kamfanin ya shiga rage masa ƙarfi, sabuntawa bayan sabuntawa, har aka kai ga wanda ke cikin garkuwar ma ba ya iya harbi waje. Waɗanda suka dogara da shi kaɗai suka wayi gari ba su iya komai ba. Haka abin yake tafiya. Duk bayan 'yan watanni ana sabunta wasan, a ɗaga wannan a sauke wancan, domin a samu sabon abin sayarwa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma mai kiɗan yana can Singafo, ba ya shawara da kai.

Masu bidiyon da kake kallo kuwa, ka tuna da abu biyu. Wayarsu da intanet ɗinsu ba irin naka ba ne. Sannan wasan da suka ci suke nuna maka, waɗanda suka faɗi ba sa ɗorawa. Kallonka shi ne abincinsu, dole kullum su zo da “sabon sirri”.

Yanzu bari in koya maka yadda ake zaɓen, tunda shi ka tambaya. Ka san kowane ɗan wasa gurbin baiwa huɗu gare shi, kuma a cikinsu ɗaya ce kawai za ta iya zama wadda ake dannawa da hannu, sauran suna aiki ne da kansu. Ke nan tawagarku baki ɗaya baiwar dannawa huɗu take da ita. Tambayar da ya kamata ku zauna ku yi ita ce yadda za ku raba huɗun nan. Ina kyautata zaton ku ukun da kuka rage kowa ɗan kutse yake son zama, kowa ya ɗauki Tatsuya ko makamancinsa, ya zabura gaba yana neman hedshot don a yabe shi. Ka taɓa ganin an yi ginin ɗaki da magina huɗu a kan katanga, babu mai kwaɓa ƙasa, babu mai miƙa tubali? Kafin azahar za su sauko suna zargin juna, ginin yana nan inda yake. Abin da ke faruwa da ku ke nan.

Tawaga tana son mai kutse ɗaya, ko biyu in sun ƙware. Shi ne ya dace da masu sauri irin Tatsuya, ya haɗa da Kelly don gudu, da Hayato wanda harbinsa ke ƙara huda sulke idan jininsa ya yi ƙasa. Tana son mai jinya, wanda zai ɗauki Alok ko Dimitri. Alok, wanda aka yi da siffar wani makaɗin Brazil aka shigo da shi a 2019, yana buɗe da'ira mai ƙara jini da sauri ga duk wanda ke kusa. Dimitri kuma da'irarsa tana ba wanda aka kayar damar tashi da kansa. Ka lura da wannan: in mutum biyu suka buɗe da'irar Alok lokaci ɗaya, ba ta ninkuwa, ɗayan ya yi asarar gurbinsa ke nan. Tana son mai ido, wanda zai sa Moco, duk abokin gaban da ya harba sai a yi masa alama sauran su gan shi, ko ya tsaya nesa da doguwar bindiga da Rafael ko Laura. Sannan yana da kyau a samu wanda zai riƙe Skyler don fasa bangon ƙanƙarar da abokan gaba ke ɓuya a bayansa, musamman a wasan huɗu da huɗu. Waɗannan su ne ayyukansu yadda aka san su, amma duk sa'ad da aka sabunta wasan ka buɗe bayanin jarumin ka karanta da idonka. Kuma yawancinsu yanzu ana samunsu da zinaren da ake tarawa a cikin wasan, ba sai an taɓa kuɗin akuya ba.

Akwai abin da masu bidiyo ba za su taɓa gaya maka ba, don ba su san Gammo ba. Da bakinka ka ce sabis ɗinku yana hawa yana sauka. Ɗan kutse rayuwarsa a kan ƙiftawar ido take. Ka danna harbi, saƙon ya tashi daga wayarka ya tafi na'urar kamfanin a wata ƙasa mai nisa ya dawo, in ya yi jinkiri ko kaɗan, kafin harsashinka ya fita an riga an kwantar da kai. Za ka ga hoton ya tsaya cak, ya dawo kana rarrafe. A irin wannan yanayi wayo shi ne ka bar kutse ga wanda sabis ɗinsa ya fi tsayawa a cikinku, wataƙila na Gwarzon, kai kuma ka ɗauki aikin da ba ya lalacewa don ɗan jinkiri. Ka sauke kyawun hoton zuwa mafi ƙasa. Ka rufe sauran manhajoji. Kada ka buga waya tana jone a caji tana zafi, kai da ke zaman shagon caji ka fi ni sanin yadda batir ke kumbura. In ka ga lambar sabis ta yi ja a kusurwar allo, kada ka shiga wasan hawa mataki a daren, ka buga na nishaɗi.

Sannan maki ba a kisa kaɗai ake samunsa ba. Daɗewa a raye da matsayin da kuka ƙare suna da nauyi ƙwarai, kuma mutuwa da wuri ita ke zubar da maki, musamman daga Dayamon zuwa sama. In kuna dira a Peak ko Clock Tower ko Factory, inda rabin jirgi ke sauka, don a ce ku jarumai ne, to da hannunku kuke zubar da abin da kuka tara. Ku dira gefe, ku tara kaya, ku sauka wuri ɗaya, ku tafi tare. Kowa ya riƙe jarumi ɗaya ko biyu har zango ya ƙare, ya san su ciki da bai. Mai canza jarumi kullum ba ya ƙwarewa a kowanne.

Kuma in kun faɗi sau biyu a jere, ku ajiye waya. Wannan doka ce. Zuciya in ta ɗau zafi hannu ba ya saiti, baki kuma ba ya linzami. Faɗuwa ta uku da ta huɗu da ta biyar da ka ba ni labari, fushi ne ya buga su.

Manyan 'yan wasan duniya ma haka suke yi. Gasar duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021, wadda Phoenix Force ta ƙasar Tailan ta lashe, mutum sama da miliyan 5 suka kalla a lokaci guda. Ka nemi bidiyon irin waɗannan gasa ka zuba ido. Kowa da aikinsa, mutum ɗaya ke ba da umarni, kuma akwai wanda ba ka cika jin sunansa a kisa ba amma in ya faɗi tawagar ta watse.

Wannan ya kawo mu kan ɗan baffanka. Ɗana, ka sake karanta wasiƙarka da kanka. Ka ce yana tsayawa a baya da Dimitri. Ka ce da kuka cire shi kuka ƙara saukowa. Ai ka riga ka ba kanka amsa. Yaron nan shi ke tashinku in kun faɗi. Ya zaɓi aikin da ba a yabo, ya bar muku sunan, ku kuna tara kisa shi yana bin bayanku yana ɗinke ɓarakar da kuka bari. Ladan da ya samu shi ne a kira shi bot a gaban baƙi.

Ka zauna ka yi tunanin yadda ya kwana a daren nan. Ba cire shi daga wasan ne ya fi yi masa ciwo ba, na tabbata. Wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya, suka tafi makarantar allo tare, shi ne ya tozarta shi, na Garo da na Gwarzo suna ji. Irin wannan maganar tana zama a ƙirji. Kuma kada ka ɗauka manya ba su gani ba. Gida ɗaya kuke. Matar baffanka ta lura ɗanta ya daina shiga ɗakinku, Innarka ta lura, kowa ya yi shiru ne yana jiran ya ga inda abin zai tsaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau rigimar wasan waya ce, gobe in aka zo rabon gona ko maganar aure, wani zai tono ta ya ɗora wata a kai. Na ga gidajen da suka rabu a kan abin da bai kai wannan ba. Ka kuma san addininmu bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kai ga ka a na goma, kuna sahu ɗaya.

Ka je ka same shi yau. Da ƙafarka, ba ta WhatsApp ba, zumunci a ƙafa yake. Kada ka ce “mu manta kawai”. Ka ce masa ka yi kuskure, ka zage shi ba da haƙƙi ba, ya yafe maka. Tunda a gaban mutum biyu ka ci masa fuska, a gabansu za ka wanke shi. Kuma kada ka haɗa ban haƙurin da roƙon ya dawo tawaga, don zai ɗauka Dimitrinsa kake nema ba shi ba. In ya dawo don kansa, madalla. In ya ce ya bar wasan, ka bar shi, kai dai ka samu ɗan'uwanka.

Saura babbar. Kuɗin Inna.

Ba aro ka yi ba, ɗana, don mai aro yana tambaya. Amana aka ba ka ka ci. Na faɗa maka da sunansa ne don ina ƙaunarka. Ka san yadda macen ƙauye take kiwon akuya: dusa, harawa, ɗaurewa da damina kada ta shiga gonar mutane, jinya in ta yi zawo. Ba ta sayar da ita don nishaɗi ba. Akwai abin da ta ƙudura, ko taki, ko kayan ɗakin ƙanwarka, ko ranar ciwo. A duk 'ya'yanta kai ta zaɓa ta damƙa wa, saboda ta yarda da kai. Ranar da za ta ce kawo, ta ƙirga ta ga babu dubu tara, ba kuɗin ne zai sa ta kuka ba.

Kada ka jira wannan ranar. Ka same ta ita kaɗai, bayan isha'i, ka durƙusa ka faɗa mata. Za ta yi faɗa, ka yi shiru ka sha. Sannan ka gaya mata yadda za ka biya: kaza duk mako daga abin da kake samu a shago, in kaka ta yi ka shiga ƙwadagon girbi ka cike. Dayamon ɗin da ka saya ba ya komawa kuɗi, wannan ya tafi. Har sai ka gama biya, ko kwabo kada ka ƙara sa wa wasan, kuma datar ma ka rage. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa ya san data ta zama abin lissafi.

Ka ce in ka kai Hiroyik hankalinka zai kwanta. Ba zai kwanta ba. Ranar da ka kai za ka hango Masta. Kafin ka gama murna zango ya ƙare an sauko da kai. An gina wasan ne don kada ya ƙare. Abin da ke hana ka barci ba Dayamon ba ne, Inna ce da ɗan baffanka, kuma su biyun kana iya gyara su kafin Juma'a mai zuwa.

*

Salamu alaikum Gwaggo. Ni amarya ce, wata takwas da aure. Maigidana yana da kirki, ba ya rage ni da komai, amma in ya dawo daga kasuwa ya ci abinci, sai ya sa abin kunne ya kama wasan harbi da abokansa har ƙarfe biyu. In na yi magana sai ya ce “bari in gama wannan”. Asuba sai na yi da gaske yake tashi. Wata ƙawata ta ce in jefa wayar a ruwa. Me zan yi?

'Yarki daga Gwarzo

'Yata, ki bar wayar nan inda take. Ƙawar da ta ba ki wannan shawara ba za ta raka ki gidanku ba in abin ya ɓaci. Na san zafin da kike ji. Kin yi girki, kin yi wanka, kin yi kwalliya, kin zauna a gefen mutum yana ta dariya da waɗanda ba kya gani. Kaɗaici a cikin ɗakin miji ya fi na gidan iyaye ciwo, kuma kina da gaskiya.

Ga abin da zai taimake ki. Wasan nan ba a tsayar da shi a tsakiya, da mutane na gaske ake bugawa, in ya fita ya bar abokansa a rana kuma a rage masa maki. Shi ya sa maganar da kika yi masa yana tsaka da shi ba ta shiga. Ki same shi da rana tsaka ko ranar da ba ya kasuwa, ransa a sake. Kada ki fara da zagin wasan. Ki ce masa kina kewarsa, kina jin kamar ke kaɗai ce a gidan. Ki nemi ku yanka lokaci: daga kaza zuwa kaza nasa ne, bayan nan waya ta tafi caji a falo. In ya karya sau ɗaya ki tuna masa cikin daɗi. In abin ya ƙi, sai ki sa babban yayansa ko aminin da yake jin nauyi, kafin a kai ga iyaye.

Kai kuma ango, na san za a nuna maka shafin nan. 'Yar mutane aka ɗauko aka kawo maka, ta bar kowa nata. Abokan wasanka za su sami wani gobe in ka fita, ita kuwa ba ta da wani mijin. Namijin da ke iya tsare sahun tawaga har biyun dare bai da hujjar rasa sahun asuba. Ka gyara tun ana faɗa maka da murmushi.

Sauran masu karatu, musamman iyaye, kada mu yi kamar yau aka fara. Wa bai taɓa yin dare a dandali ba? Na da sun yi langa da dara, na bayansu suka yi karta da ludo, aka zo gidan kallon ƙwallo, kowanne sai da aka yi faɗa a kansa a gida. Bambancin na yanzu shi ne yana bin yaro har kan katifa, kuma yana da aljihun da ba ya cika. Don haka ku sa ido a kan abu uku. In yaro ya fara zancen juya ƙafar sa'a a cikin wasan, inda ake zuba dayamon ba a san abin da zai fito ba, ku tsawatar, ƙanwar caca ce, har ƙasar Beljiyam ta hana irinta a wasanni tun 2018. In kun ji ana haɗa ɗaki ana zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce tsagwaronta, kuma hukuncinta a bayyane yake a Suratul Ma'ida. Sannan ku gargaɗe su a kan masu turo saƙon “dayamon kyauta” suna neman lambar sirrin Facebook, da masu tallar manhajar maguɗi. Na farko ɓarayi ne, na biyu kuma kamfanin na rufe asusun duk wanda ya kama, abin da yaro ya tara na shekaru ya tafi a dare ɗaya.

Ba duk mai buga wasa ne ya kamu ba, kada a ɗauki kowane yaro a mai da shi majinyaci. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, ta kuma faɗi alamunsa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, har abin ya kai kimanin shekara. Wanda ya ga haka a ɗansa, ko wadda ta gani a mijinta, a fara da babban asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, in ta kama a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Babu abin kunya a ciki. Duka da ƙwace waya ba sa warkar da wannan, sai dai su koya wa yaro ɓoyo. Ku zauna kusa da shi wata rana ku ce ya nuna muku jaruminsa, ku tambaye shi su wa yake bugawa da su. Za ku ji abin da bai taɓa gaya muku ba.

Ɗana na Gammo, ina jiran wasiƙarka ta biyu. Kada ka rubuto mini matakin da ka kai. Ka rubuto mini abin da Inna ta ce, da nawa ka biya zuwa yanzu, da ko kun gaisa da ɗan baffanka a ƙofar masallaci. Allah ya shirya mana ku baki ɗaya.